Yadda Ake Jawo Mambobi Cikin Ƙungiyar Sa-kai, da Yadda Ake Riƙe Su

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin rajista na ƙungiyar sa-kai ya san abin da zan faɗa. Sunaye sun cika shafi biyu ko uku, kowa da lambar wayarsa da sa hannunsa. Ranar aiki kuwa, in ka ɗaga kai ka ƙirga, fuskokin nan ne dai bakwai ko takwas da ka saba gani, su ke ɗauko kayan aiki, su ke mayarwa. Na riƙe irin wannan littafi na wasu shekaru, na kuma daɗe ina zaton maganin abin shi ne a ƙara fita neman sababbi. Muka yi ta nema. Sukan shigo da zafinsu, bayan wata biyu ko uku a neme su a rasa. Ashe ruwa muke ta zubawa a tulun da ya huje a gindi.

Ba ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ke fama da wannan ba. Rotary, babbar ƙungiyar sa-kai ta duniya wadda wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa a birnin Shikago na Amurka a 1905, ta yi shekaru masu yawa adadin mambobinta yana tsaye a wajen miliyan 1.2, alhali kowace shekara tana karɓar dubban sababbi. Wato masu fita sun kusa kamo masu shiga. Abin da na fahimta daga baya shi ne, mutum yakan shigo ne domin wani da yake ganin girmansa ya kira shi, yakan kuma zauna ne in ya ga cewa ranar da bai zo ba akwai aikin da zai tsaya. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan na gina su.

Mataki na farko: ku fara da waɗanda suka tafi

Kafin ku gayyaci kowa, ku ɗauko rajistar shekara biyu da suka wuce, ku raba sunayen gida uku: masu zuwa aiki a kai a kai, masu leƙowa jefi-jefi, da waɗanda aka yi wata shida ba a ga ko ƙeyarsu ba. Gida na ukun nan su ne malamanku. Ku raba sunayensu a tsakaninku, kowa ya ɗauki wanda suka fi shaƙuwa, ya kira shi ko ya je ya same shi. Kada shugaba ya yi wannan kiran, domin ba kowa ke iya faɗa wa shugaba gaskiya a kan idonsa ba, musamman in shi ne matsalar.

Yadda za a yi tambayar ma yana da muhimmanci. In ka ce wa mutum "Me ya sa ka daina zuwa?" ka tura shi neman uzuri, zai ce maka harkoki ne suka yi masa yawa, shi ke nan magana ta ƙare. Ka ce masa: "Muna so mu gyara tafiyarmu. In abu ɗaya za mu canza, wanne kake ganin ya kamata?" Sannan ka yi shiru, ka bar shi ya yi magana, kada ka kare ƙungiya ko da abin da ya faɗa ya sosa maka rai.

Akwai wani matashi mai gyaran wutar lantarki da ya zo mana taro sau uku. Kullum yakan zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa, a yi ta muhawara a tashi, ba wanda ya tambaye shi ko sana'arsa. Da ya daina zuwa ba mu ma lura ba. Bayan kusan shekara na haɗu da shi, na yi masa wannan tambayar. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ai ban ga abin da kuke buƙata a wurina ba." A lokacin nan kuwa muna ta neman wanda zai gyara mana wayoyin wuta a ajin da muke koyar da yara karatu da yamma. Har yau maganar nan tana taɓa min zuciya.

Ku rubuta duk amsoshin da kuka samu. Za ku ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaituwa. Su za ku fara toshewa.

Mataki na biyu: ku iya faɗin aikinku a numfashi ɗaya

Ku gwada wannan a taronku na gaba: kowa ya rubuta a 'yar takarda abin da ƙungiyar ke yi, cikin jimla ɗaya. In amsoshin suka fito kamar "taimakon al'umma" ko "kawo ci gaba", da sauran aiki. Ba wanda zai bar hutunsa na ƙarshen mako domin "ci gaba". Amma "muna koya wa yara talatin karatu kowace Asabar" ko "muna haɗa masu ba da jini da asibiti duk bayan wata uku" magana ce da mutum zai iya hango kansa a ciki.

Manyan ƙungiyoyin duniya da haka suka yi suna. An kafa Lions, wata ƙungiyar sa-kai irin Rotary, a 1917, amma abin da ya ba ta fuska shi ne kiran da Helen Keller, wadda ba ta gani kuma ba ta ji, ta yi wa mambobinta a babban taronsu na 1925, cewa su tsaya wa makafi. Tun daga lokacin aka san su da aikin ido. Rotary ta ɗauki yaƙi da shan inna a 1985. A 1988, lokacin da aka ƙaddamar da gangamin kawar da cutar a duniya, ana ƙiyasin tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125, yau kuwa an rage ta da fiye da kashi 99 cikin ɗari. Aikin Rotary na farko ma ba wani abin ƙasaita ba ne: banɗakin jama'a suka yi fafutukar a gina a Shikago a 1907. Ku zaɓi babban aiki ɗaya da za a san ku da shi, sauran su biyo baya in hali ya yi.

Mataki na uku: gayyata baki da baki, kuma zuwa wurin aiki

A nan ƙungiyoyi da yawa ke ɓata ƙarfinsu. A buga sanarwa, a liƙa a bango, a watsa a Facebook da WhatsApp cewa "ƙofa a buɗe take ga mai sha'awa". Sanarwa tana da amfaninta, tana sa a san kuna nan. Sai dai da wuya ta ɗago mutum daga kujerarsa. Abin da ke ɗago shi shi ne wani da ya sani ya dube shi ya ce, "Kai nake so ka zo."

Ga yadda za ku tsara abin. Da farko ku rubuta giɓin da kuke da shi: ba mu da wanda ya iya lissafin kuɗi, ba mu da mai ɗaukar hoto, muna buƙatar ma'aikaciyar jinya, muna buƙatar mai mota ranar kai kaya. Sannan kowane mamba ya kawo suna biyu na mutanen da ya sani da za su iya cike ɗaya daga cikin giɓin nan. Biyu kawai. In kun ce goma, ba wanda zai kawo ko ɗaya. A rubuta wa zai tuntuɓi wa, da ranar da zai dawo da amsa.

Gayyatar ta ƙunshi abu huɗu: mene ne aikin, yaushe, awa nawa zai ci, da dalilin da ya sa shi aka zaɓa. Misali: "Malama, ranar Asabar za mu auna wa tsofaffi hawan jini, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Na san hannunki a wannan aiki. Ki zo ki taya mu na awa biyun nan kawai, in ya yi miki sai mu yi maganar gaba." Ka lura ba a ce mata ta shiga ƙungiya ba, ba a miƙa mata fom ba, ba a ambaci kuɗin rajista ba. An kuma faɗi lokacin tashi, domin abin da mutane suka fi tsoro a aikin sa-kai shi ne su miƙa yatsa a kama hannu duka.

Kuma don Allah kada zuwansa na farko ya zama zaman taro. Baƙon da ya fara da sauraron karatun bayanin taron da ya gabata da gardama kan wanda bai biya kuɗin wata ba, da wuya ya dawo. Ku kai shi inda ake dasa itatuwa, ko inda yara ke haɗa baƙi suna murna. Gani ya kori ji.

In ya ce a'a, a yi masa godiya, a tambaye shi ko za a iya sake tuntuɓarsa nan da wata shida. Sau da yawa "a'a" ɗin tana nufin "ba yanzu ba".

Mataki na huɗu: ranar farko

Wanda ya gayyato shi ya riga shi isa, ko su taho tare. A gabatar da shi ga mutum uku ko huɗu da sunansa da abin da ya iya, ba a tsayar da shi gaban jama'a a ce ya yi jawabi ba. Cikin minti goma a damƙa masa wani abu a hannu, ko tsintsiya, ko littafin rubuta sunayen masu zuwa. Baƙon da aka bari a tsaye hannu a aljihu yana kallon tsofaffin mambobi suna raha da juna, a ransa ya riga ya tafi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma a aikin sa-kai shimfiɗar da ta fi duka ita ce a nuna masa ana buƙatar hannunsa. Kafin kwana biyu su wuce a kira shi, a ce an gode, a faɗa masa ranar aiki na gaba.

Mataki na biyar: wata ukun farko

In za ku ɗauki abu ɗaya kawai daga rubutun nan, to wannan ne. A watannin nan uku ake yanke hukuncin zama ko tafiya.

Ku haɗa kowane sabon mamba da wani tsoho da zai riƙe hannunsa. Aikin tsohon ba wuya: ya tuna masa ranar taro, ya zauna kusa da shi, ya fassara masa abubuwan da kowa ya ɗauka an sani, kamar wa ke riƙe makullin ɗakin ajiya da yadda ake neman a mayar wa mutum kuɗin da ya kashe. Ku zaɓi mai sakin fuska, ba lallai sai mai muƙami ba.

Ku zauna da sabon na minti goma sha biyar ku tambaye shi abin da ya kawo shi. Mutane ba dalili ɗaya ke kawo su ba. Wani abin ya taɓa faruwa da nasa ne, yana so kada ya faru da wani. Wani sabon zuwa ne gari, abokai yake nema. Wata tana so ta koyi tsara aiki da magana gaban jama'a domin ya amfane ta a wurin neman aiki. Wani ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi. Duk dalilai ne masu kyau, kada a raina ko ɗaya. Wanda ya zo neman abokai in kuka ba shi aikin shigar da sunaye a kwamfuta shi kaɗai a ɗaki, kun kore shi ba ku sani ba. Ku kuma tambaya, kada ku yanke masa: akwai malamin makarantar da ya gaji da aji, shi fenti yake so ya shafa.

Sannan a ba shi aiki mai sunansa a kai. Wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa wani gwaji a 1913, inda ya sa mutane jan igiya. Ya gano cewa gwargwadon yawan masu ja, gwargwadon raguwar ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa. Haka abin yake a ƙungiya. In aka ce "mu duka za mu kula da itatuwan da aka dasa", za su bushe. In aka ce "layin nan na itace goma naki ne, ke za ki ba mu labarinsu a ƙarshen wata", za su rayu, ita ma za ta zauna. Aikin ya zama ƙarami, mai farko da ƙarshe, wanda za a iya gamawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Kada kuma a yi ɗokin naɗa shi sakatare a wata na biyu don kawai kowa ya gudu daga kujerar. Nauyin zai karya shi.

In wata ukun suka cika, a sake zama da shi: me ya ji daɗinsa, me ya dame shi, me yake gani da mu muka daina gani. Idon baƙo yana hango tsagar bangon da mai gida ya saba da ita.

Mataki na shida: ku rage taro, ku gyara wanda ya rage

Ku ƙirga awannin da kuka yi a zaune da waɗanda kuka yi a bakin aiki cikin wata ukun da suka wuce. In na zaune sun fi yawa, ga ɗaya daga cikin hujojin tulunku nan. Rotary kanta, da aka sani da taron mako-mako tun fil azal, a 2016 ta sassauta, ta bar wa kowane reshe ya tsara taronsa muddin zai haɗu aƙalla sau biyu a wata.

A fara a kan lokaci ko da mutum huɗu ne suka iso. Jiran masu latti horo ne ga masu zuwa da wuri. A tura ajanda tun kafin ranar. Awa ɗaya ta isa. Kowace magana ta ƙare da wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe. Mai jagorancin taro ya riƙa juyawa ga masu shiru yana neman ra'ayinsu, in ba haka ba mutum uku ne za su cinye lokacin kullum. Zauren WhatsApp kuma a raba shi biyu, ɗaya na sanarwa zalla, ɗaya na hira ga mai so, a kuma nisanta shi da gardamar siyasa. Lions ta rubuta a cikin manufofinta cewa ba a muhawarar siyasar jam'iyya ko saɓanin addini a tsakanin mambobi, kuma na ga hikimar hakan da idona.

Mataki na bakwai: kuɗi a fili

Ba abin da ke watsa ƙungiya da sauri kamar ƙus-ƙus a kan kuɗi, ko da ba wanda ya ci ko sisi. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata, da rasit a hannu. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu. A raba kuɗin tafiyar da ƙungiya da na gudummawar da aka karɓa domin wani aiki, kada a taɓa na biyun don biyan na farko. Kuɗin wata ya zama wanda mafi ƙarancin hali a cikinku zai iya biya, wanda ya kasa kuma a yi magana da shi a keɓe. Karanto sunayen masu bashi a gaban jama'a ya kori mutanen kirki da yawa, waɗanda ƙarfinsu da lokacinsu sun fi kuɗin daraja nesa ba kusa ba.

Mataki na takwas: a nuna sakamako, a yi godiya da suna

Mai aikin sa-kai ba albashi yake jira ba, amma yana so ya san guminsa bai tafi a banza ba. Bayan kowane aiki a dawo masa da labari: leda nawa ta jini aka samu, yara nawa ne suka fara karanta jimla da kansu, itace nawa ya kama. Yaba kyauta tukuici, sai dai "muna godiya ga kowa da kowa" ba ta isa kunnen kowa. A ce, "Malam, da ba ka tsaya ka jera kujerun nan tun da safe ba, da tsofaffin nan a tsaye za su jira." A tuna da masu aikin da ba a gani, mai wanke kayan aiki da mai kiran waya, ba masu fitowa a hoto kaɗai ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba a matsayin ranar masu aikin sa-kai tun 1985. Rana ce mai kyau ta karrama naku. Hotunan waɗanda aka taimaka kuwa, kada a watsa sai da yardarsu.

Mataki na tara: ku buɗe da'irar tsakiya

Wannan ya fi sauran ɗaci, domin ya shafi waɗanda suka fi kowa wahala a kan ƙungiyar. Mutanen nan bakwai ko takwas da ke ɗauke da komai, sau da yawa su ne kuma ke tare hanya ba da niyya ba. Sun saba, sun fi sauri, sai su ga koya wa sabo ɓata lokaci ne. Sabo ya kawo shawara a ce masa "mun taɓa gwadawa, bai yi ba". Sau biyu za a faɗa masa haka ya kama bakinsa, daga nan kuma sai ƙafa ta ɗauke.

Ku sa wa'adi a kan muƙamai. A Rotary da Lions shekara ɗaya shugaban reshe ke yi bisa al'ada, sabuwar shekararsu kuma tana farawa ranar 1 ga Yuli. Kowane mai muƙami ya kasance da mataimakin da yake koya wa aikin tun ranar da ya hau. Tsofaffin shugabanni kada a jefar da su, a mayar da su masu riƙe hannun sababbi, da tsohuwar zuma ake magani. Kowace shekara a bar wa sababbin mambobi aiki ɗaya su tsara shi da kansu daga farko har ƙarshe, ko da za su yi tuntuɓe.

Ku kuma duba su wa babu a cikinku. Sai a 1989 Rotary ta buɗe ƙofarta ga mata a duk duniya, bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987, wato ta yi fiye da shekara 80 tana rufe ƙofa ga rabin jama'a. Taku ƙofar wataƙila ba doka ce ta rufe ta ba: lokacin taro ne da mai shayarwa ba za ta iya fitowa ba, ko matakalar da mai keken guragu ba zai iya hawa ba, ko yanayin da matashi ba ya samun bakin magana.

Mataki na goma: wanda ya yi shiru, da wanda zai tafi

Ku sa doka a tsakaninku: duk wanda aka rasa sau biyu a jere, a kira shi cikin makon. Kiran na gaisuwa ne, "Kwana biyu ba mu gan ka ba, lafiya dai ko?" Kada a haɗa da maganar tara ko bashin kuɗin wata. Sau da yawa za ka tarar rashin lafiya ce, ko aiki ya canza, ko wata 'yar magana ce aka faɗa masa ta tsaya masa a rai. Saɓani in an tare shi a makon farko, zama ɗaya ke kashe shi. In ya kwana wata uku, sai ya tafi da mutum biyar.

Masu ƙoƙarin cikinku ma a sa musu ido. Wanda ba ya taɓa cewa a'a shi ne zai wayi gari ya ajiye komai gaba ɗaya. In kun ga ya fara gajiya, ku sauke masa wani nauyin tun bai roƙa ba, ku ce ya huta wata biyu, kujerarsa tana nan.

Wanda kuma ya ce zai tafi, kada a ɗaure masa fuska ko a cire shi daga zaure a daren. A yi masa godiya a gaban jama'a, a ambaci ayyukan da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Sannan a tambaye shi abu biyu: ko zai yarda a riƙa kiransa sau ɗaya a shekara ranar babban aiki, da kuma ko akwai wanda ya sani da zai iya hawa gurbinsa. Sakatare ya rubuta amsar a gefen sunansa a rajista, da watan da za a sake kiransa.